Gashin Zabina a Kogin Maroko

Bazara ce, irin wadda kaji ba su fita daga ƙarƙashin rumbu sai la'asar. Damanar da ta wuce ta yi mana kirki, gero na nan, wake bai yi ƙwaro ba, shekara ce ta sakin fuska in ka cire zafi. A cikinta na yi tafiyar nan. Tun da na dawo, matan ajinmu na karatun manya ba su bar ni na sha fura a zaune ba. Wannan ta ce jirgi, waccan ta ce abinci, in fara daga farko, wata ta shigo in sake komawa. Malamarmu ta ce, "Hassu, tunda hannunki ya faɗa, rubuta sau ɗaya kowa ya huta." To ga shi. Inda na karkace ku yi haƙuri, da girmana na riƙe alƙalami.

Sanusi ɗana ne na uku. Ya yi lakol, wato makarantar boko, a Cadakori, ya wuce Maradi, aka ba shi karatu a Maroko kan harkar ruwa da daji. Da ya gama bai dawo ba, ya ce ya samu abin yi a wani gari na kan duwatsu. Can ya auri Rakiya, ɗiyar mutanen garin Gazawa, wadda ita ma karatu ya kai ta. Mahaifiyarta ta rasu, shi ya sa da cikinta ya tsufa aka ce ni zan je in yi mata jego.

Ana saura kaɗan in tashi, Sanusi ya aiko murya ta salula, wayar hannu. Na kunna a tsakar gida, mahaifinsa, Malam, na zaune kan tabarma yana gyaran igiyar guga.

"Inna, don Allah ki taho mini da gashin zabo, na ƙirji mai ƙananan ɗigo. Da gashin wuyan jan zakara. In an samu fatar kan zomo, har da kunnuwan, a haɗa."

Malam ya ajiye igiya. Ya ce, "Sake kunnawa."

Na sake. Ku da kuke karantawa kun san wanda ke aika mutum neman jan zakara da kunnen zomo a ƙasarmu. Ni ma abin da ya faɗo mini ke nan.

Aka kira yaron. Ya yi dariya ya ce, "Baba, na kamun kifi ne."

Malam ya ce, "Na ga masunta a Madarunfa tun ba a haihe ka ba. Taru na gani, da fatsa, da gora. Mai kai zakara bakin ruwa ba kihi yake nema ba." Ya kashe salula.

A gidanmu Malam ne ke zaɓa wa jikoki suna, har yau ba wanda ya tsallake shi, Sanusi kuwa ba zai fara ba. Ya dube ni ya ce, "Ki kai mashi kayan, in an kai ne za a ga inda za su. Ki duba da idonki, ki gaya mani, kar ki ƙara kar ki rage. In tsubbu yake ci, bakina ba ya raɗa suna kan ragon tsubbu. Su nemi wani."

Na ce to. Na tara gashin zabina, na wanke da sabulu, na shanya. Zakaran da aka yanka mini na bankwana shi ya ba da wuyansa. Fatar zomo wani makiyayi ya kawo daga Sae Sabuwa, yana miƙo mini yana kallona ta gefen ido.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni Maradi a babur, jakar gari a baya, ni a tsakiya. Na shiga babbar motar Yamai. Allah ya haɗa ni kujera da Hajiya Balki, mutuniyar Agiye, ƴar kasuwa mai zuwa Maroko saro jallabiya da takalma. Kafin Gidan Runji ta san sunan ƴaƴana duka, kafin Konni na san ciwon gwiwarta da halin surukanta. Mun wuce Konni kaɗan salula ta yi ƙara. Sanusi ne: Rakiya ta sauka lafiya, mace. Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji barka na zuwa daga kujerun baya har wajen direba. A Dogon Dutsi Hajiya ta sayo tsire ta ce na jika ne. Ina ci ina murna, ina kuma lissafi a zuci: yanzu kwanan suna ya fara tafiya, ni ko jirgi ban gani ba.

A Yamai muka sauka gidan ƙanwar Hajiya, aka shimfiɗa mana a waje don zafi, sauro ya yi mana tarbar da ta fi ta masu gida. Jirgi kuwa ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa. Da ya tashi cikina ya zauna ƙasa ya bar ni, daga baya ya biyo. Aka kawo abinci a ƴan kwanoni kamar na wasan ɗiyan tsana, kowane da murfinsa. Na cinye, na tambayi Hajiya yaushe za a kawo na gaske.

Abin da ya kunyata ni matakala ce mai tafiya da kanta, a filin jirgin Kazablanka. Na ce ni sai in jira ta tsaya. Hajiya ta ce, "Yaya, wannan ba jaki ba ce, ba ta tsayawa." Ta fizgo ni. Na ɗora ƙafa ɗaya na janye, takalmi ya zauna a kai. Ina ƙasa ina kallo takalmina ya riga ni isa sama, wani bawan Allah mai farin gashi ya ɗauka ya tsaya da shi a hannu yana jirana kamar an ba shi amana.

Sai wajen ƴan duwan, masu binciken kaya. Mutumin ya buɗe jaka. Kilishi ya ajiye gefe, ya ce doka ce, nama ba ya shiga. Fatar zomo ta bi kilishi. Ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya taku biyu ya ɗaure da kansa. Kanwa ya juya ya juya, Hajiya ta lasa a gabansa. Da ya zo kan ledar gashi sai ya buɗe ta daidai inda iskar sanyi ke hurowa daga sama. Gashin zabina ya tashi. Ya sauka kan hularsa, kan takardu, kan jakar wata Baturiya. Ni da shi da Hajiya muka duƙa muna tsinta. Ya yi tambaya da Faransanci, Hajiya ta amsa, ya shinshina ya ji sabulu, ya miƙo mini.

Na ce, "Mi kika ce mashi?"

"Na ce matashi za ki yi wa jika." Ta matso kusa da kunnena. "Na fidda ki, amma ni ma kayan nan ban yarda da su ba. In kin ga ba daidai ba, ɗauko ɗanki."

Da wannan muka rabu. Sanusi na bakin ƙofa, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, na ji sanyi a raina. Sanyin jiki kuma na nan tafe. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka muka shiga wata tsohuwar taksi, ta yi ta hawa da mu. Birai na zaune bakin hanya suna jiran a ba su gyaɗa. Ni da na baro zafin da ke narka man shanu a kwalba, da zane biyu da mayafi, na isa haƙorana na kaɗawa. Sunan garin ya fi ƙarfin harshena, ban taɓa faɗinsa daidai ba.

Gidan a sama yake, ɗaki kan ɗaki, ba tsakar gida, ba inda za a kafa tukunyar wanka. Na ce wa Rakiya, "Ɗiyata, ina ake jego a garin nan?" Ta nuna mini ƙarfen da ake murɗawa ruwan zafi ya zo. Na ce to, wannan ya hutar da masu itace. Jaririya kuwa ja-jawur, da hancin Malam sak. Ba a yi mata huɗuba da suna ba, Baƙuwa suke ce mata. Duk wanda ya shigo barka sai ya tambayi sunan, Sanusi ya ce tukuna, Rakiya ta sunkuyar da kai.

Mutanen garin na kirki ne, sai dai gaisuwarsu da sumba ce. Maƙwabciya ta kama ni ta sumbaci kumatuna, dama, hagu, dama, ina ja baya tana biyowa. Komai da burodi suke ci, shi ne cokali shi ne tuwo. Shayi da na'ana'a, sukari kamar za a yi alewa. Aka kawo wasu ƴaƴa baƙaƙe a kwano, na ɗauka ɗinya ce na zuba uku a baki, ashe zaitun ne mai gishiri. Ban tofar ba don kunya, amma hawaye ya zo. Mai jego kaza suke dafa mata da hulba, mai daɗi ƙwarai. Ni ma na dama kunun kanwa na ba maƙwabciya. Ta kurɓa, ta daɗe tana murmushi, ta ce za ta kai gida ta sha a hankali.

Washegari na ce wa Sanusi, "Kai ni inda kayan nan za su."

Ya kai ni wani shago a lungu, na wani dattijo da suke kira Ba Muha, shi ne ubangidansa. Ina shiga na ɗaga kai. Bango duk fatu ne da wutsiyoyi, fiffiken agwagwa, wuyan zakaru jere, ƴan kwalabe da ƙwari a ciki. Na fara karanta abin da na iya a zuci. Tsohon ya ɗora hannu a ƙirji ya yi sallama, ya karɓi leda, ya zaro gashi ɗaya ya ɗaga wajen haske. Ya yi wata magana da yarensu yana girgiza kai.

Sanusi ya ce, "Cewa ya yi na kanti ɗigonsu manya ne, irin wannan ƙananan ya daɗe yana nema."

Tsohon ya zaunar da ni kusa da teburinsa. Akwai wani ƙarfe mai baki kamar awartaki, ya danƙa masa ƙugiya ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya naɗa zare. Ya ɗora silin gashi uku suka zama wutsiya. Ya murza ɗan gashin dabba a zare kamar mai kaɗi, ya naɗa ya zama ciki. Ya ɗauki gashin wuyan zakarana ya zagaya, sai ga ƙafafu sun miƙe. Ya ƙulla, ya yanke, ya ɗora mini a tafin hannu. Wallahi sai da na kusa kaɗe shi. Ƙwaro ne, da fiffike da komai, rai kaɗai ya rasa.

Na yi dariya har na riƙe baki. Na ce, "Kai Sanusi, wannan ai kitso ne."

Suka buɗe mini akwatuna. Kowane lokaci da nasa. Na ƙarshen sanyi ƙanana baƙaƙe. Na wannan watan masu ruwan ƙasa da fiffike mai zane. In rana ta yi ƙarfi sai manya rawaya, can gaba fara da tururuwa mai fiffike. Sanusi ya ce kifin da suke nema, turuwit, mai ɗigo ne a jiki, ruwan sanyi kaɗai yake zama, kuma ya san kalandar ƙwari fiye da mutum. Ƙwarin a ƙarƙashin duwatsun kogi suke girma, kowane iri da makon da zai taso ya yi fiffike. Ka jefa masa na kaka a bazara, ko kallo ba zai yi ba. Na ce na gane, kamar shinge ne a wajenmu, garar nan mai fiffike, ba ka ganinsa sai ruwan fari ya sauka, ranar kuwa ko ka watsa wa kaji tsaba ba su kula ka. Sanusi ya fassara, tsohon ya buga tebur yana dariya.

Masu son wannan kamu daga birane suke zuwa, har daga ƙetare. Su sayi ƙwarin, su ɗauki Sanusi ya nuna musu kogi. Abincinsa ke nan. Na so in kira Malam nan take, amma cewa ya yi in gani da idona, ni kuwa ban ga kifi ba tukuna.

Muka tafi kogi ana jibi suna. Rakiya ta sa mini rigar sanyin mijinta da safa biyu. Kogin bai fi a tsallake da jifa ba, ruwa garau, kana ganin tsakuwa. Sanusi ya shiga da wandon roba har ƙirji, yana kaɗa doguwar sanda, igiya na tafiya gaba da baya a sama kamar bulalar makiyayi. Ya jefa, ya jefa. Shiru. Ya canza ƙwaro. Shiru. Na zauna kan dutse ina cewa a raina, yau in ba kifi mi zan gaya wa Malam?

Muka yi azahar nan, Ba Muha a gaba, Sanusi a bayansa, ni can baya kan mayafina. Muna sallamewa iska ta kwanta. Sai na ga ruwan ya fara tsiro. Ƙwari ne ke fitowa daga cikinsa, ɗaya, goma, sai ga su kamar hayaƙi, suna zama kan ruwa suna shanya fiffike. Ko'ina sai ɗan zobe ke buɗewa, kifi na tsinta daga ƙasa. Tsohon ya kaɗa hularsa ya kamo ɗaya, ya duba, ya duba akwatinsa, ya tsuke baki. Ya tsuguna nan bakin ruwa, ya fiddo ɗan ƙarfensa, ya zaro gashin zabo daga aljihu. Na gane shi, na zabuwata ce mai ɗingishi, ita kaɗai ke da ɗigo ƙanana haka. Kafin in gyara zama ya gama.

Sanusi ya ɗaura ya jefa. Ƙwaron ya sauka a hankali ya bi ruwa tare da ƴan'uwansa na gaske, ni kaina na kasa raba su. Sai ruwa ya fashe, sanda ta lanƙwashe. Ku da kuka san ni kun san ko a bikin ƴaƴana ban yi guɗa ba. Ranar na yi, duwatsu suka maido mini.

Sanusi ya jawo kifin cikin ƴar koma. Tsawon damtsena, jiki kamar an yayyafa masa jan lalle da baƙi. Ina cikin tunanin yaji da man da za a soya wa mai jego, sai na ga ya jiƙa hannu, ya cire ƙugiya, ya riƙe kifin cikin ruwa yana lallaɓa shi, ya buɗe hannu. Kifi ya tafi.

Na ce, "Kuɓuce maka ya yi?"

"A'a Inna, saki na yi. Nan wajen ba a ɗauka."

Murnata ta koma ciki. A kama abu da wahala a mayar wa ruwa, a kunnen mutumin garinmu wannan sunansa ɗaya. Sanusi ya yi mini bayani a hanya, na ji, amma ni ce zan faɗa, kuma an ce kar in rage.

Bayan la'asar muka kira Malam. Rakiya na zaune bakin gado da Baƙuwa, Sanusi na tsaye jikin ƙofa.

Malam ya ce, "Kin gani?"

"Na gani, Malam." Na faɗa masa shago, da ƙugiya, da zare, da akwatunan wata-wata. Na ce mutum-mutumi ne irin na gona, sai dai namu kora yake, nasu kira. Na ji ya yi ɗan tari irin na mai ɓoye dariya.

"Suna salla?"

"A bayansu na yi azahar."

"To kihin, an kama?"

"An kama. Babba."

"Kun ci?"

Sanusi ya dube ni. Da na ce mun ci, da magana ta ƙare nan. Na ce, "Ba mu ci ba. Ya mayar da shi ruwa."

Na ƙara matso da salula kusa da kunne.

"Ya mayar. Wa ya ba?"

"Ba wanda ya ba."

"Hassu, mutum ya tara gashin zakara, ya kira kihi, kihi ya zo, ya sake shi. Ke kin taɓa jin haka in ba da masu ruwa anka yi alkawari ba?"

Na gyara zama, kun san ni ba mai saurin baki ba ce. Sannan na ce, "Malam, kogin ƙarami ne, masu zuwa da yawa. In kowa ya ɗauka, baɗi ba kifi, ba baƙi, ba abincin yaron nan. Akwai tafki can ƙasa da ake kamawa a ci. Wannan na sama iri ne. Shekarar da munka ci dusa, kai ka kwana bakin rumbun iri da sanda, yara na kuka, ka ce ko zangarniya ɗaya ba a taɓawa. Ba wanda ya ce da aljanu ka yi alkawari."

Na ji akuya na kuka a gidanmu, na ji wani ya yi sallama ya amsa masa. Sannan ya ce, "Wannan shekara ba ta da daɗin tunawa."

"Ba ta da."

"Ba ni shi."

Sanusi ya karɓa. Sai ga shi ya durƙusa a kan siminti, salula a kunne, kamar uban na gabansa. Ba mu ji abin da aka ce ba, sai "To Baba. To Baba. Na gode Baba." Ya taso ya karɓi jaririya, ya kai baki kunnenta na dama, ya daɗe. Rakiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi.

Sunan kam ba zan rubuta ba, kuma kar ku tambaye ni a aji. Na mahaifiyarsa ya ba ta, surukata, bakina bai taɓa kama shi ba. Ummi muke ce mata.

Sai a lokacin Sanusi ya gaya mini bai sayi rago ba. Ya ce ya kasa sayen rago ba suna. Na ce, "Jibi suna, kai kana nan kana lallashin kifi."

Da safe na yi wa Rakiya wanka, na dama kunu, na sa rigar sanyi da safa biyu na ce ya kai ni kasuwar dabbobi. Tumakinsu gashi ne kamar katifa, in ba ka tura hannu ciki ba sai a sayar maka da ƙashi. Na bi su ɗaya ɗaya ina taɓa gadon baya, ina buɗe baki in ga haƙori. Wani makiyayi mai rawani ya faɗi kuɗi da yarensu, na amsa da Hausa, ya ɗaga yatsu, na lanƙwashe masa biyu. Sanusi ya matso zai fassara, na ce ya tsaya can, wannan ba kogi ba ne. Muka daidaita. Na karɓi igiya da hannuna, na ja ragon Ummi muka hau tudu.